Inda Nauyin Fanna Yake

Sau huɗu Fanna ta faɗi cikin mako uku, kuma duka huɗun a gida ne. A ɗakin koyon tafiya kuwa, a gaban Sista Edith, ko tuntuɓe ba ta taɓa yi ba. Takan kama ƙarafan nan biyu da aka kafa don masu koyo, ta yi taku uku, ta sake su, ta tafi har bango ta dawo, masu jiran layi suna ta tubarkalla. Sai ta koma gida, ƙauyen Dusuman, bayan kwana biyar ta dawo da sabon rauni. Na huɗun ne ya kai magana gaban Dokta Sa'id, likitan wurin, domin sai da aka yi mata ɗinki uku a gefen goshi.

Wurin da ake wannan aiki wani ɗan gini ne a Maisandari, wanda wata ƙungiyar agaji ta kama ta mayar da shi wajen haɗa ƙafar roba. A shekarun nan ba a rasa masu zuwa. Bam ya tashi a tasha, ya tashi a bakin kasuwa, wanda ke da sauran kwana sai ya farka a gadon asibiti ya ga zanen rufa ya kwanta shafal a inda ƙafarsa take. Fanna na cikinsu. Wata tara da suka wuce ta fita sayar da gyaɗa, ta dawo babu ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa.

Ita Edith 'yar Shaffa ce, daga kudancin Borno, shekararta goma sha shida tana aikin gashin ƙashi. Mace ce mai faɗa, amma irin faɗan wanda ba ya son a ɓata masa aiki. Idan kuwa kana son ganin haƙoranta, to ka tambaye ta labarin katakonta. Takan ce kowane jiki yana da wuri guda da nauyinsa ya taru, kamar yadda taɓarya ke da wurin da za ka ɗora ta a yatsa ta tsaya ba ta rinjaya ba. A jikin mutum wurin yana ɗan ƙasa da cibiya, can ciki. Muddin ya saitu a kan tafin ƙafa, mutum na tsaye, idan ya zarce gaba ko baya kuwa sai ƙasa. In an yanke ƙafa wurin yakan gusa, aikin Edith kuma shi ne ta gano inda ya koma, ta gaya wa Baba Dzarma, ɗan garinsu mai haɗa ƙafar, shi kuma ya ɗaure notocinsa daidai da haka.

Na'urar da ake wannan awo da ita a ƙasashen waje, mai kyamarori da kwamfuta, a hoto kawai Edith ta san ta. Abin da take da shi katako ne mai tsawon mita biyu, gefe ɗaya a kan bulo, ɗaya gefen a kan sikeli. Mutum ya kwanta ko ya tsaya a kai, ta duba abin da allurar sikeli ta nuna, ta yi lissafinta a bayan kati. Sai kuma zare mai ɗan ƙarfe a baki, irin wanda magina ke duba miƙewar bango da shi. Da waɗannan ta tsayar da mutum fiye da ɗari biyu a kan ƙafafunsu. Sau uku ta ɗora Fanna a katakon nan, sau uku lissafi yana cewa lafiya lau.

Ranar Litinin Dokta Sa'id ya kira Edith ofis. Mutum ne mai sanyin magana, wanda hakan ke ƙara wa Edith haushi, domin ba a jin daɗin faɗa da wanda ba ya ɗaga murya.

"Sista, ban ƙi lissafinki ba," in ji shi. "Amma mace ta ce da baya take faɗuwa, har sau huɗu. Tana dab da abin lokacin da ya tashi. Ina tsoron ƙarar ta taɓa mata wani abu a kai, irin wanda ke zuwa ya wuce kafin ta iso nan. Idan haka ne, ƙafar da muka ba ta ita za ta halaka ta. Ranar Alhamis a karɓi ƙafar, a ba ta keken guragu, har sai an yi mata hoton kai."

Edith ta san abin da wannan ke nufi. Layin hoton kai watanni ne. Keken guragu kuwa a yashin Dusuman kujera ce kawai mai taya. Mutum ya zauna wata shida, gwiwa ta ƙage, dungun ƙafar ya canza siffa, sai a dawo a fara daga farko, kuma da yawa ba sa dawowa. Ta ga irinsu suna jan gindi a bakin titi.

"Dokta, ai ka ce Alhamis. To a bar mini ita zuwa Alhamis ɗin."

Ya ce ya bari.

Ta fito ta tarar da Fanna a kan benci, lulluɓe cikin lafayarta ruwan ƙasa, ta sunkuyar da kai. Shekarunta ba su wuce ashirin da huɗu ba. Edith ta zauna kusa da ita ta sake jero tambayoyin da ta riga ta yi sau nawa. Jiri? Babu. Gani biyu-biyu? Babu. Ɗaukar ruwa ko itace?

"Kin hana, Sista."

"Na san na hana. Tambaya nake ko kin hanu."

"Ban ɗauka ba, wallahi."

Edith ta ɗaga mata lafaya ta duba. Gwiwar hannu a goge, kafaɗa a kumbure, gefen goshi ga ɗinki. Ta shafa ƙeyar, babu ko ƙwarzane. Wanda ya faɗi da baya ai ƙeyarsa ce ke shan ƙasa. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai Fanna ta riga ta.

"Sista, in kaina ne ya taɓu, ki gaya mini kawai. Zan iya ji."

Yadda ta faɗi maganar a sanyaye, kamar wadda ta daɗe da yanke wa kanta hukunci, shi ya sa Edith ta ji tausayi ya kama ta har ta rasa faɗan da za ta yi. Ta ce mata ta tafi gida.

Washegari da hantsi Edith ta ɗauki hutun rabin yini, ta jefa zaren awonta a jaka, ta tari Keke Napep. Ba ta gaya wa kowa ba, domin ma'aikatan wurin ba sa fita bakin gari sai da takardar izini, ita kuwa ba ta da kwanakin jiran takarda. Shinge uku ne tsakaninta da Dusuman. A na farko wani ɗan sa-kai cikin 'yan ƙato da gora ya zaro zaren daga jakarta ya riƙe shi nesa da jikinsa yana juya ɗan ƙarfen.

"Madam, wannan fa?"

"Na awon mutane ne. In kana so in auna ka, tsaya sosai, don na ga ka karkace."

Abokansa suka bushe da dariya, ya mayar mata da abinta. A shinge na biyu suka daɗe, domin an tsayar da wata mata mai goyo can nesa da mutane, an ce ta kwance. Ta kwance majanyi, ta sauko da jaririn, ta ɗaga shi sama yana tsala ihu, sannan aka yi mata hannu ta wuce. Tun da aka fara raɗe-raɗin ana ɓoye mugun abu a siffar goyo, haka ake yi wa mata kullum. Edith ta kalla kamar yadda kowa ya kalla, tana duba agogo.

Gidan su Fanna ɗaki biyu ne na ƙasa da ɗan tsakar gida, da darbejiya guda a tsakiya. Mijinta Kashim ya tafi aikin lebura cikin gari tun da safe. Uwar mijin ce zaune a inuwa, tsohuwa mai yana a idanu biyu, tana jan carbi. Fanna na shanya wanki, sanye da takalman kambas ɗin da aka ba ta tare da ƙafar. Da ta ga Edith sai ta yi tsuru-tsuru, rigar da ke hannunta ta faɗi.

"Sista! Lale, lale. Wushe. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Wucewa nake na ce bari in ga gida."

Babu mai wucewa ta Dusuman a shekarun nan, duk su biyun sun sani. Edith ta durƙusa ta gaida tsohuwar, ita kuma ta amsa da Barbarci mai tsawo, Fanna na fassara rabi tana barin rabi. Sannan Fanna ta nufi ɗaki ɗauko tabarma. A bakin ƙofa ta tsaya, ta dafa bango, ta zare takalmin dama, ta sunkuya ta zare na ƙafar roba, ta jera su a gefe. Ta fito da tabarmar ta shimfiɗa, ta koma ta kawo ruwa, duk ba takalmi. Edith ta bi dunduniyar robar da kallo, wani abu ya fara motsi a ranta, amma kafin ta kama shi sai aka ji kuka daga ɗaki.

Wata 'yar yarinya ta rarrafo, ɓul-ɓul da ita, ba za ta wuce shekara ɗaya da 'yan watanni ba. Ba ta nufi uwarta ba, kai tsaye ta nufi murhu inda tukunya ke tafasa. Tsohuwar ta ji motsi ta ɗaga murya tana lalube a iska. Fanna kuwa ba ta yi tunanin komai ba. Ta cafko hannun yarinyar, ta sunkuya, ta wurga ta baya, ta ja zane, ta ɗaure majanyi, duk cikin ƙiftawar ido kamar yadda kowace uwa ke yi. Ta miƙe.

A miƙewar nan Edith ta ga abin da katakonta bai taɓa gani ba. Jikin Fanna ya yi baya, yatsun ƙafarta mai lafiya suka ɗago daga ƙasa suna neman abin kamawa, ta yi wuf ta riƙe reshen darbejiya. Sai a lokacin ta tuna wa ke zaune a tabarma. Ta tsaya riƙe da reshen, ta kasa juyowa.

"'Yar wa ce?" in ji Edith.

"Tawa ce. Mu'mina."

"Tun yaushe kike goya ta da ƙafar nan?"

"Tun ranar da na ajiye sanda." Ta ƙara riƙe reshen. "Sista, ki yi haƙuri. Kin ce kada in ɗauki komai sai bayan wata uku. Na so in bi. Amma Iya ba ta gani, babanta ba ya yini a gida, ga wuta, ga rijiyar maƙwabta ba murfi. In ban goya ta ba ina zan sa ta? Na ji tsoron in na faɗa za ku karɓe ƙafar."

"Duk faɗuwar nan tana bayanki?"

"Duka."

"Shi ya sa ƙeyarki ba ta taɓa fashewa ba."

"In na ji zan tafi baya sai in murɗa jikina in faɗi ta gefe." Ta juyo a karon farko, har da ɗan alfahari a fuskarta. "Ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba, Sista. Ki duba ta."

Edith ta ajiye kofin ruwan a hankali. Abu biyu suka taso mata tare. Na farko sanyi ne, irin wanda ke sauka tun daga wuya har ƙafa, domin wadda ke iya murɗa jiki a tsakiyar faɗuwa ta zaɓi gefen da za ta sauka, har sau huɗu, ba mai taɓin kai ba ce. Na biyu kunya ce. Takardar da ake cikewa a wurin aikinsu daga ƙasar waje aka kawo ta, tana tambayar tsawo da nauyi da sana'a, har da ko mutum yana hawan bene, a garin da yawancin masu zuwa ba su taɓa taka matakala ba. Babu layin goyo a ciki. To, takarda dai takarda ce. Amma ita Edith a bayan uwarta ta girma, ta goyi ƙannenta uku, ta goyi 'ya'yanta biyu har bayanta ya yi kanta, sannan ta zauna gaban mace mai shekara ashirin da huɗu wata da watanni ba ta taɓa tambayar ta ko tana da na goye ba.

"Me ya sa ba ki taɓa zuwa da ita ba? Da na gan ta ko sau ɗaya..."

"Na taho da ita ranar farko. Lokacin ina da sanduna biyu. A shinge aka ce in tsaya nesa in kwance. Ina tsaye da ƙafa ɗaya, sanda a hammata, ina kwance majanyi, saura kaɗan ta suɓuce mini. Mutane suna ta ja da baya suna kallona." Ta gyara zaman goyonta. "Ni da abin ya cinye wa ƙafa, ni ake gudu. Daga nan na juya gida. Tun ranar, in zan zo wurinku sai in kai ta gidan maƙwabciya."

Edith ta dubi murhun, ta dubi yarinyar. Can ta miƙe ta kakkaɓe siket, faɗanta ya dawo mata, abin da ke nuna hankalinta ya kwanta.

"To ki saurare ni. Kanki lafiyarsa ƙalau, ya fi nawa ma. Ni ce na auna rabin mutum na ce na gama awo. Gobe da safe zan zo da kaina mu tafi, ke da ita. Ni zan riƙe ta a cinya, duk wanda ke son ganin ta a shinge ya gan ta a hannuna. Kuma wannan murhun a kewaye shi da bulo, haba!"

Fanna ta saki reshen ta zauna a ƙasa daɓas, yarinya a baya, ta rufe fuska da lafaya. Tsohuwar ta yi ta tambaya da Barbarci me aka ce, me aka ce. Da aka gaya mata sai ta ɗaga hannu biyu sama, ta shiga jero addu'a, har da Edith da iyayenta da duk mutanen Shaffa, waɗanda ba ta taɓa sanin da zamansu ba sai yau.

Ranar Laraba suka iso Maisandari su uku. Baba Dzarma na bakin bencin aikinsa, tabarau a kan hanci, furfura ta sha ƙurar roba. Tun Litinin yake cika yana batsewa, domin an sa shi ya kwance ƙafar Fanna ya duba har sau biyu, shi kuwa bai yarda aikinsa yana da aibu ba.

"'Yar garinmu, yau kuma renon yara muka koma?" ya ce da ya ga Edith rungume da Mu'mina.

"Baba, zo ka ga abin da ni da kai muka yi."

Ta fara ɗora yarinyar a sikeli, kilo goma cif, tana ta ƙoƙarin cafke allurar. Sannan ta tsayar da Fanna a tsakiyar katako, fuskarta na kallon gefen sikeli, da takalmi, ba goyo. Ta duba, ta rubuta, ta yi alama da alli a gefen katakon daidai inda nauyin ya sauka. Alamar ta faɗo a tsakiyar tafin ƙafa, inda ta saba faɗowa. Ta ce a cire takalmi. Allura ta ɗan ja baya, alama ta biyu ta matso wajen dunduniya. Sannan ta miƙa wa Fanna 'yarta ta ce ta goya yadda take yi a gida, ita kuma ta tsaya a bayanta da hannu a buɗe. Allurar ta sake sauka. Edith ta yi lissafi sau biyu, ta durƙusa ta ja alama ta uku. Tsakaninta da ƙarshen dunduniya bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Baba Dzarma ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon layukan allin nan uku.

"Kai!" ya ce. "A kan takalmi na saita ta. Kambas ɗin nan yana da tudu a dunduniya. Ka cire shi, dunduniya ta sauka, sandar ƙafar ta kwanta baya. Ƙafar Allah tana da idon sawu, ta ji ta gyara da kanta. Tawa ba ta jin komai, inda na ɗaure ta nan take." Ya girgiza kai. "Sannan a ɗora mata kilo goma a baya. Ai ba faɗuwa huɗu ba, abin mamaki shi ne da ba ta yi arba'in ba."

"Ka ga dai."

"Shekara ashirin ina wannan aiki, kuma ni ma kullum a ƙofar ɗaki nake cire takalmina." Ya dubi Fanna. "'Yata, ki yafe wa tsoho. Kawo ƙafar."

Bai yi minti talatin ba. Ya sassauta notoci, ya ɗan karkato da sandar gaba, ya saita tafin a kan ƙasa tsurarta, ya ɗaure. Ya jefa kambas ɗin cikin kwali ya ce ta nemi silifas marar tudu, don ko da takalmi ko babu ƙafar ta zauna ɗaya. Aka sake hawa katako, aka sake sassautawa, aka sake ɗaurewa, har alamar mai goyo ta dawo cikin tafin ƙafa, ta marar goyo kuma ba ta zarce gaba da yawa ba. Sauran yinin Edith ta ƙarar da shi tana koya wa Fanna yadda za ta miƙe da goyo: ƙafa mai lafiya a baya kaɗan, ƙirji ya riga kai tashi, majanyi a ɗaure sama sosai don yarinyar ta manne da jiki kada ta yi lilo. Ta yi faɗa ya fi sau goma, Fanna kuwa sai murmushi take, don ta gane faɗan na yau daban ne.

Ranar Alhamis Dokta Sa'id ya shigo ɗakin koyon tafiya ya tarar da keken guragun da ya sa a fito da shi an tura shi lungu, an ɗora masa tawul. Edith ta nuna masa layukan alli, ta nuna masa lissafi, ta gaya masa komai, har zuwanta Dusuman ba takarda. A kan wannan ya ɗan ɗaga gira. Ya sa Fanna ta rufe ido ta tsaya, ta taɓa hanci da yatsa, ta bi fitilarsa da ido. Sannan ya ce ta goya 'yarta ta yi tafiya.

Ta goya. Ta miƙe yadda aka koya mata, ba takalmi, ba ta kalli ƙarafan riƙewa ba. Ta tafi bango ta dawo. Ya ce ta ƙara. Ta ƙara. Ya ce ta juya da sauri, ta juya. Ya jefar da biro ƙasa ya ce ta ɗauko masa, ta sunkuya ta ɗauko ta miƙe tsaf. Edith na biye da ita taku ɗaya a baya, hannu a shirye, zufa na bin bayanta kamar ita ake gwadawa. A zagaye na shida ta ga ba ta da amfani, ta koma ta jingina da bango. Masu jiran layi sun yi tsit, Baba Dzarma ya leƙo daga ƙofa da sifana a hannu yana ƙirga zagayen da leɓe.

A na goma Dokta ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Malama Fanna, ban ga komai a kanki ba. Zan bar sunanki a layin hoto don mu ƙara tabbatarwa, amma ƙafarki taki ce, ki tafi da abarki."

"Ba za a karɓa ba?"

"Ba za a karɓa ba."

"Alhamdu lillahi," ta ce a hankali, ta sake cewa, ta sake cewa. Wata tsohuwa a kan benci ta rangaɗa guɗa, mai gadi ya leƙo a firgice, aka yi ta dariya. Edith ta sauke ajiyar zuciyar da ta riƙe tun Litinin, ta zauna a gefen katakonta.

Dokta ya juyo gare ta. "Sista, mata nawa muke da su a rajista masu shekarun haihuwa?"

"Na duba jiya. Goma sha ɗaya. Na kira bakwai, biyar suna da goyo." Ta share fuska da bayan hannu. "Na ce kowacce ta zo da nata. Wadda ke tsoron shinge zan je in taho da ita."

"Da takarda wannan karon."

"Da takarda, Dokta."

Ya yi 'yar dariya, ya rataya abin sauraren ƙirji a kunne, ya nufi Fanna. "Tunda ga ta, sauko da ita in duba ta. Faɗuwa huɗu ba wasa ba ne, ko da ba ta taɓa ƙasa ba."

Fanna ta kai hannu ga majanyi, sai ta tsaya. Ta ɗan karkata kai tana sauraren bayanta. Mu'mina ta kwantar da kumatu a tsakanin kafaɗun uwarta, baki a buɗe, hannu ɗaya ya saki yana reto.

"Likita, don Allah a ɗan jira ta tashi da kanta," in ji Fanna ƙasa-ƙasa. "Tun da na fara goya ta da ƙafar nan, riƙe rigata take yi gam, idonta biyu. Ba ta taɓa barci a bayana ba sai yau."

Dokta Sa'id ya cire abin daga kunnensa, ya jawo kujera ya zauna, ya ce a kira na gaba a hankali.